Shokazobar Injiniya Bawa

Shekara ashirin da biyu Bawa ya yi yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, kuma duk tsawon shekarun nan aikinsa guda ne: in jirgi ya iso daga Zariya, ya ɗauki gwangwanin giris ya bi ƙafafun taragai yana shafawa. Amma in ka zauna da shi a teburin mai shayi na bakin tasha, sai ka rantse shi ya ƙera jirgin. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, mutanen gari kuma suka karɓa hannu biyu, don sun gane in aka kira shi da sunan yakan ba da labari har shayi ya huce.

Da ya yi ritaya, gab da daminar 1979, ya kwashe kuɗin sallamarsa kaf ya sayo wata tsohuwar Landiroba da aka yi gwanjonta a Gusau. Dabararsa kuwa ba ta banza ba ce. Duk damina akwai wata fadama a hanyar Shinkafi da ruwa ke cinyewa, manyan motoci su kafe, 'yan kasuwa su wuni a taɓo ranar Alhamis, kasuwa ta ci ta watse ba su. Bawa ya ce shi zai ƙara wa motarsa tsawon ƙafa ta riƙa ratsa fadamar, daga nan duk fataken Banga da Zurmi da Birnin Tsaba sai sun yi layi a ƙofar gidansa. Matarsa Yalwa, wadda ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta saurare shi har ya gama, ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da matsar tunkuza.

Maƙeri ya ƙera masa ƙarafa huɗu, aka ɗaga jikin motar sama da taƙi biyu, aka sa mata manyan tayoyi. Da aka gama sai ga mota tsaye zaƙwai, ba mai iya shigarta sai da tsani. Kafin la'asar unguwa ta sa mata suna Zalɓe.

Akwai wani bakanike mutumin Jos, ana ce masa Pam, da ke da gareji a gindin tsamiyar bayan tasha. Ya shekara goma sha biyu a Kaura, Hausa a bakinsa kamar ɗan gari, sai dai ba ya ɓarnar ta. Da Bawa ya kawo Zalɓe don ya nuna masa, Pam ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗora yatsa a kan shokazoba, wato ƙarfen nan mai kama da famfon keke da ke kusa da kowace taya, wanda ke hana mota ci gaba da tsalle in ta faɗa rami.

"Oga Bawa, ka ƙara wa mota tsawo, amma shokazoba tana nan yadda take. Dubi, ta miƙe iyakar miƙewarta tun mota na tsaye. Ka bari in auna, mu nemo dogaye daidai da ita, huɗu iri ɗaya."

Bawa ya yi murmushin tausayi. "Pam, taya nawa ka taɓa gani ga mota? Huɗu. Ni ƙafa ɗari biyu nika dubawa kullum kafin azahar."

Pam ya goge hannu da tsumma, ya ce to.

Daga garejin Bawa ya nufi inda titi ya ƙetare dogo, daidai gaban teburin mai shayi, don a gan shi. Tayoyin gaba suka hau dogo lafiya. Na baya na dirowa sai aka ji ƙara biyu kamar an harba bindigar toka. Kaji suka watse. Shokazoba ɗaya ta fice ta gangaro har gindin bencin masu shan shayi, ta yi juyi biyu ta kwanta. Bawa ya sauko ta tsani, ya ɗauke ta, ya juya ta a hannu, ya shaida wa jama'a cewa da gangan ya yi, yana son ya gane wacce ce mai rauni a ciki. Wani ya tambaye shi ko ya gane. Ya ce duka. Sannan ya ƙara da cewa shokazoba ma ragwancin Bature ne, jaki ba shi da ko ɗaya kuma ba a taɓa jin ya kasa kai kaya Shinkafi ba. A wunin ya kwance sauran ukun ya jefa a zaure.

Ranar Asabar Yalwa za ta suna Banga, ya ce shi zai kai ta. Zuwa dai an je da salati. A dawowa ta sayi gora guda ta kindirmo ta rungume a cinya, Bawa kuwa ya ce yanzu zai nuna mata gudu. Ramin farko da suka shiga, Zalɓe ta yi sama ta dawo, ta sake yin sama, ba ta gama biyan na farko ba suka faɗa na biyu. Haka suka taho, kan Yalwa na gaisawa da rufin mota, har ƙofar gida. Ya kashe injin, amma motar ta ci gaba da rusunawa tana ɗagowa kamar mai gaida surukai. Sai da maƙwabta biyu suka dafa ta sannan ta natsu.

Yalwa ta sauko ta zauna a dandaryar ƙasa, ta jira duniya ta daina juyawa, ta buɗe gorarta. Man shanu ya tashi curi-curi yana yawo a kan tsala. Ta miƙa wa maƙwabciyarta ta gani. Washegari da safe mata uku suka yi sallama, kowacce da gora a hannu, suna tambaya ko Injiniya zai je Banga yau.

Wannan ya yi masa ciwo. Litinin ya hau motar haya zuwa Gusau, ya shiga layin masu kayan gyara, ya ce a ba shi shokazoba mafi ƙarfi a kasuwar. Mai shago ya nuna masa wasu masu kaurin taɓarya, ya ce amma waɗannan na roka ne mai ɗaukar buhu ɗari. Bawa ya ce ai su yake nema. Pam ya ƙi ɗaurawa, ya ce ba a sa wa akuya sirdin raƙumi a garejinsa. Bawa ya kwana biyu a ƙarƙashin mota da guduma da sifana, har ya cusa su da ƙarfin tsiya.

Tsalle kam ya ƙare. Zalɓe ta zama kamar an sassaƙa ta daga dutse guda. In ta taka karan dawa, sai direba ya ji shi a ƙashin bayansa. Bawa ya zagayo ta gaban mai shayi a hankali, ya leƙo da kai ta taga yana cewa, "Kun gani? Ko gezau. Wagga ita ce—" Taya ta taka ɗan dutsen da bai kai ƙwallon goruba ba, haƙoransa suka haɗu a kan harshensa.

Kwana biyar bai iya magana ba. Mai shayi ya ce kamar batirin rediyon gari ne ya mutu. Yalwa ta riƙa dama masa kunu mai sanyi da fara'a, ta gaya wa maƙwabta tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin kukan tsuntsaye sosai haka ba.

Sai dai mutum irin Bawa in aka hana shi magana, tunani yake yi. A rana ta shida ya tashi da sabon ilimi: taurin shokazoba daga man da ke cikinta ne, man kuwa na ƙasar sanyi ne, bai san Zamfara ba. Ya kwance su ya kai wa maƙeri ya huda kowacce, ya tsiyaye baƙin man a kwata. Ya jira Yalwa ta fita unguwa, ya buɗe garwar man gyaɗarta. Ya cika uku, ya ɗebi galan guda ya ɓoye don ƙari a hanya, sai ya ga in ya taɓa garwar kuma Yalwa za ta gane. Don haka ta huɗun, ta baya hannun dama, ya narka man kaɗe ya ɗura mata. Ya fere turaku ƙanana na itace, ya naɗe su da robar tayar keke, ya toshe hujojin da guduma.

Sannan aka shiga abin da ya kira saiti. Sai ya hau gaban mota ya yi tsalle, ya karkata kunne, ya sauko ya ce wannan tana son ludayi guda. Ya hau baya ya yi tsalle, ya ce wannan an cika mata, a rage rabin ludayi. Pam ya biyo ta wurin a kan babur ɗinsa, ya tsaya, ya shaƙi iska.

"Oga Bawa, gishiri fa? Ko sai ta yi zafi za ka sa?"

"Ka yi dariyarka. Wata rana Turawa za su zo Kaura su tambayi gidan wanda ya fara."

"In sun zo ka turo su wurina, in ba su tsumma."

Abin mamaki, a cikin gari, in ana tafiya a hankali, motar ta ɗan yi laushi. Bawa ya bi unguwa-unguwa yana danna oda don kowa ya ji.

Ranar Laraba aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Alhamis da sassafe labari ya iso tasha cewa fadama ta cika, motoci huɗu sun riga sun kafe, sauran direbobi sun ce ba inda za su. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Iyatu, gwaggon Yalwa, tsohuwa 'yar siririya daga Birnin Tsaba. Mako biyu ta yi tana bin rugage da ƙauyukan Zurmi tana tara ƙwan zabi, kwando uku manya, an shimfiɗa ƙaiƙayi tsakanin kowane jeri. In ba ta kai su Shinkafi yau ba, kafin wata Alhamis rabi sun lalace, kuma da su take sayen hatsin da zai kai gidanta kaka. Yalwa ta ja ta gefe ta ba ta labarin gorar nono. Iyatu ta dubi kwandunanta, ta dubi Zalɓe, ta tambayi Bawa ko ya tabbata.

"Gwaggo, ki ɗora ƙwai guda bisa kanki. In ya motsa kafin Shinkafi, ki canza mini suna."

Limamin unguwarsu shi ma ya zo da lema a hammata. Ɗan amininsa za a ɗaura wa aure a Shinkafi bayan azahar, kuma shi ne waliyyin ango. Aka kafa masa tsani ya hau gaba. Iyatu ta zauna a baya tsakanin kwandunanta. Bawa ya ɗaure tsanin a rufi, ya gyara babbar rigarsa, ya ja oda sau uku. Pam ya ce shi ma yana da ɗan abin saye a Shinkafi, ya buga babur ya biyo su daga nesa.

Da sanyin safiya man kaɗen nan ya daskare, saboda haka ƙafa uku suna lanƙwasa, ɗaya ta ƙi. Zalɓe ta riƙa tafiya tana ɗingishi kamar raƙumi mai ƙaya. Liman ya zaro carbi. Bawa ya ce masa da gangan aka saita ta haka don kada barci ya ɗauki fasinja.

Suka iso fadama. Ga motoci huɗu sun nutse har gindi, direbobi sun naɗe wanduna suna tonon taɓo, fasinjoji sun jeru a tudu. Bawa ya sa giyar ƙarfi ya kutsa. Ruwa ya kai wa tayoyi rabi, ya wuce rabi, ya tsaya nan. Zalɓe ta ratsa a hankali, tana taku ɗaya-ɗaya, ta fita ɗaya gefen ko santsi ba ta yi ba. Gaskiya ita ce abin ya yi kyau, har Pam da ke tura babur ta gefen gona ya tsaya ya gyaɗa kai.

Da Bawa ya wuce abinsa, da yau ana ba da labarin daban. Amma ya tsaya, ya hau kan bonet, ya yi wa direbobin huɗuba a kan ilimin ƙarfe, da bambancin mai riƙe sitiyari da injiniya, ya ce duk mai son koyon saiti ya same shi a gida, amma ya zo da ludayinsa. Sai da Liman ya leƙo ya nuna masa rana sannan ya sauko.

Don ya rama lokacin da ya ɓata, ya taka mota. Hanyar daga nan duk gargada ce, ruwa ya zaizaye ta layi-layi. Shokazoba suka shiga aiki ba hutu, man ciki ya ɗauki zafi. Ba a jima ba Liman ya ɗaga hanci ya tambaya ko akwai mai tuyar ƙosai a dajin nan. Bawa ya ce ƙanshin lafiyar inji ne.

Turken farko ya fice da ƙarar tas, ya bar feshin mai a kan ganyen geza. Na biyu ya bi shi. Man kaɗe ya narke, ƙafar da ta wuni a sandare ta koma mafi laushi duka, motar ta daina ɗingishi ta koma rawa, gaba na sama baya na ƙasa, hagu na neman dama. Tsani ya kwance ya faɗi. Tayar safaya ta bi shi. Lemar Liman ta fita ta taga. Daga bayan mota Iyatu ta ce a tsaya, amma muryarta ta fito gutsi-gutsi, Bawa ya ɗauka addu'a take yi, ya amsa da amin.

A mashigar kasuwar Shinkafi hanya ta ɗan gangara. Ya taka birki, ƙafarsa ta ji kamar ta taka tuwo, don man gyaɗa ya riga ya wanke birkin gaba tas. Ya danna oda ya riƙe. Kasuwa ta dare biyu. Zalɓe ta bi ta kan kasar tukwanen wata mata, saboda tsawonta ko ɗaya ba ta taɓa ba, ta bi ta kan wani rago da ke kwance, ragon ya ci gaba da tuƙa. Sannan ta haɗu da kwatar da ta ratsa tsakiyar kasuwa. Tsalle ɗaya, biyu, a na uku ta dira a kan tarin yashin masu gini, ta binne hanci, injin ya mutu.

Ba wanda ya ji rauni. Jama'a suka matso a hankali suka yi zobe. Cikin shirun nan aka fara jin ɗis, ɗis, daga bayan mota, sannan wani cuu mai daɗin ji. Ruwan ƙwai ne ke bin ƙasan bodi yana sauka a kan salansa, wato bututun hayaƙi mai zafi, wanda man gyaɗa ya riga ya jiƙa. Ƙanshin wainar ƙwai ya tashi har layin masu goro.

Pam ya iso da tsani a kafaɗa, lema a hammata, tayar safaya ɗaure a bayan babur. Ya kafa wa Liman tsani. Liman ya sauko, ya taɓa ƙasa da tafin hannu, ya gyara rawani. Ya ce shi tun kafin su shigo gari ya yafe wa duk wanda ya taɓa yi masa laifi, har da Bawa, kuma bai janye ba, amma komawa Kaura a kan jaki zai yi. Ya karɓi lemarsa ya tafi ɗaurin aure.

Iyatu ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe kwandunan ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiya ya tsira, don ƙwan zabi akwai taurin ɓawo. Sauran biyun kuwa, wanda bai fashe ba ya tsage. Ta daɗe tana kallon su. Bawa ya fara bayanin cewa laifin kwatar ne, wanda ya haƙa ta bai san ilimin hanya ba. Ta ɗaga masa hannu.

"Malam Bawa, tuɓe rigar ga."

Ta ari kasko da murhu wurin wata mai masa, ta aika aka kawo burodi da albasa da gishiri, ta zaro galan ɗin man da ya ɓoye ƙarƙashin kujera. Ta zaunar da shi a inuwar motarsa, ta ɗora masa ƙwarya a cinya, ta ce duk ƙwan da ya tsage yau za a ci shi, kuma shi zai soya.

Haka Injiniya Bawa ya tsuguna a tsakiyar kasuwar Shinkafi daga shi sai 'yar shara, yana fifita wuta. Da farko kansa a ƙasa. Bayan azahar direbobin fadama suka iso, taɓo har gwiwa, yunwa kamar ta kashe su, suka tarar da malamin da ya yi musu huɗuba. Suka zagaye shi. Ɗaya ya ce a ba shi na ƙwai uku, amma a saita masa da laushi. Wani ya ce shi bai zo da ludayi ba, ko za a ara masa. Dariya ta ja mutane, mutane suka ja wasu.

Ganin taro, harshen Bawa ya dawo. Ya miƙa wa wani bafatake burodi, ya ce ya ci da natsuwa, don wannan ƙwai ba da cokali aka kaɗa shi ba, da inji aka kaɗa shi tun daga Kaura, kuma duk lardin Sakkwato ba inda ake irinsa. Bafataken ya ci, ya ce a ƙara. Kafin la'asar sakaliya layi ya kai rumfar masu kanwa, mai masa ta bar nata kaskon ta dawo yanka masa albasa. Kwandon da ya tsira ma Iyatu ta hana a kai wa dillalai, ta turo shi gaban murhu.

Duk wannan lokacin Pam na kwance a ƙarƙashin Zalɓe da tef, yana aunawa yana rubutu a bayan kwalin sigari. Da ya fito ya ce motar ba za ta motsa ba sai ya samo shokazoba daidai tsawonta daga Gusau, ya kuma wanke birki, wato sai Alhamis mai zuwa. Bawa, yana kankare kasko, ya gaya wa na kusa da shi cewa shi ya ba yaron izini ya gwada hannunsa.

Iyatu ta kife kwandunanta uku wayam, ta ɗaure bakin zanenta da ya yi nauyi, ta ɗauki ragowar waina guda ta ɗanɗana. Ta tauna a hankali, ta dubi Bawa daga sama har ƙasa.

"Tunda Alhamis za ka dawo, ka zo da wuri, ka ɗauko babban kaskon Yalwa. Motar ko ba a gama ba, babu komai."